Yadda ake yanke ciyawa a gangare da ƙaramar tarakta ba tare da ta kife ba

Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 45 doguwa ce sama, ƙafafunta kuma a matse suke, shi ya sa gangaren da babbar tarakta za ta bi lafiya ita sai ya kayar da ita. Wanda bai san ƙasar Maraɗi ba yana ɗauka duk shimfiɗe take. Amma wanda ya yi aiki a bakin Gulbin Maraɗi, ko gangaren da ke sauka fadamar Tibiri, ko kewayen tafkin Madarumfa, ko gefen madatsu da magudanun Jiratawa, ya san akwai tudu da kwari, kuma mafi yawansu rairayi ne wanda ba ya riƙe taya. Kifewa iri biyu ce. Ta gefe ita ta fi yawa. Ta baya, inda gaba ke tashi taraktar ta faɗo kan direba, ita ta fi sauri: cikin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa guda ta wuce inda za a iya maido ta, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta riga ta kwanta. Babu direban da ke tsalle ya tsira a wannan ɗan lokaci, saboda haka yawancin aikin kare kai ana gama shi ne tun kafin a murɗa makulli.

Kayan da za ka tanada

- Tarakta mai ƙarfen kariya, wato bakan ƙarfen da ke tsaye bayan kujera, tare da bel ɗin ɗaure ƙugu. Kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, ta fi mai jan baya kaɗai nesa ba kusa ba.
- Injin yanka mai wuƙaƙe biyu masu juyawa, wanda ake ratayawa a baya. Faɗinsa ya dace da ƙarfin taraktar: aƙalla doki 5 ga kowane santimita 30. Mai doki 25 ta ja na mita 1.2, mai doki 30 zuwa 35 ta ja na mita 1.5.
- Kardan, wato sandar da ke kai juyi daga tarakta zuwa injin yanka, mai cikakkiyar rigar roba da ƴar sarƙar da ke hana rigar juyawa.
- Ƙarafan nauyi na gaba.
- Katako miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya, nibon magina (ma'aunin daidaito mai kumfar iska), da tef na awo.
- Turaku kamar ashirin masu tsawon ƙirji, da jan tsumma ko leda mai launi.
- Ma'aunin iskar taya, giris, man giya lamba 90, sifanoni, da kusoshin kardan na canji guda uku ko huɗu.
- Guntayen itace biyu na tokare taya, tukunyar kashe gobara, jarkar ruwa.
- Takalmi rufaffe mai tauri, tabarau, abin toshe kunne, waya mai caji.

Tufafi ba ƙaramar magana ba ce. Sandar PTO, wato guntun ƙarfen bayan tarakta da ake sa kardan a kai, tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa. Jelar rawani, hannun babbar riga, bakin jallabiya, igiyar wando, duk abin da ta kama sai ta naɗe har da mai shi. Sa riga da wando masu kama jiki. In ƙura ta sa dole ka rufe fuska, cusa jelar rawanin cikin wuyan riga. Silifa kuma tana zamewa daga kan feda daidai lokacin da kake buƙatar birki.

Ƙarfen kariya da bel tare suke aiki. Ƙarfen yana tsayar da taraktar a kan gefenta ya bar maka wurin zama, bel kuma shi ke riƙe ka cikin wurin. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, mace-macen kifewa kuwa suka ragu ƙwarai. Ƙananan taraktoci na hannu da ake shigowa da su daga Japan da yawansu ba su da shi, don an ƙera su ne saboda gonakin shinkafa masu shimfiɗa. Irin wannan ba ta hawa gangare. Kada kuma a kai ta wurin mai walda ya lanƙwasa fayif ya liƙa: fayif ɗin da ba a gwada ba yana lotsewa ya danne direba, ga shi ya ba shi ƙarfin halin da bai kamata ya samu ba. In babu ƙarfen kariya, ko an naɗe shi ƙasa don wucewa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ba a ɗaura bel.

1. Bi filin da ƙafa

Kada ka yanke wurin da ƙafarka ba ta taka ba. Ciyawar ƙarshen damina, gamba da kyasuwa da tafasa, tana kai ƙirji ta rufe komai. Ɗauki turakunka ka bi filin layi-layi, duk abin da ka gani ka kafa turke ka ɗaura jan tsumma: suri, ramin gafiya ko kurege, kututture, dutse, tsohuwar rijiyar lambu, fayif ɗin ban ruwa, waya, zaizayar da ruwan Agusta ya yanka. Suri mai tsawon taƙi ɗaya a ƙarƙashin tayar sama ya isa ya mai da gangare mai sauƙi ya zama mai kisa, haka ma rami a ƙarƙashin tayar ƙasa. In an samu biyun lokaci guda, karkatar ta ninka.

Filayen da aka yi wa aikin farfaɗo da ƙasa su suka fi yaudara. Rabin-wata da ramukan tasa an tona su ne a gangare da gangan don su tare ruwa, bayan shekara biyu ko uku kuma ciyawa ta fi kauri daidai bakinsu. Irin wannan fili na hannu ne, tarakta ba ta da aiki a ciki, don ko ba ta kife ba za ta rushe kunyoyin da aka sha wahalar ɗagawa.

Sai ƴan itatuwa. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture suna renonsa, kuma gawo da kalgo da sabara da aduwar da ke cikin gonaki yau daga nan akasarinsu suka fito. Injin yanka ba ya bambanta ɗan gawo da tafasa. Tambayi mai gona waɗanda yake reno, ka sa musu alama, ka bar musu mita ɗaya kowane gefe a gyara da lauje.

Bakin kwari da gaɓar gulbi suna da tasu doka. Nisan tayarka da baki kada ya kasa zurfin kwarin: zurfin mita biyu, nisa mita biyu. Wannan awon ƙasa mai tauri ne. A rairayi ka ninka shi, musamman inda ruwa ya ci gindin gaɓar ya bar sama a rataye. Ja layin turaku a nan, kada taya ta ƙetare shi ko don ciyawa ɗaya.

2. Auna gangaren

Ido ba ya auna gangare, daga ƙasa yakan ga ya fi sauƙi. Ɗora kan katakon mita ɗaya a ƙasa ta wajen sama, ɗaga ɗaya kan har nibo ya daidaita, sannan ka auna daga ƙarƙashin katakon zuwa ƙasa.

Santimita 9 digiri 5 ke nan, babu damuwa. Santimita 18 digiri 10 ne: ana iya aiki, amma da duk matakan da ke ƙasa. Santimita 27 digiri 15 ne, nan ce iyakar da aka saba ba ƙaramar tarakta, kuma hawa da sauka kawai, ba a ratsa shi a kwance. Santimita 36 digiri 20 ne, ka bar shi. In littafin taraktarka ya ba da iyakar da ta fi wannan ƙanƙanta, tasa za ka bi. A rairayi mai laushi, ko ga wanda bai daɗe da fara tuƙi ba, santimita 18 ta isa iyaka.

Auna wurare biyar ko shida, ka ɗauki mafi muni, ba matsakaici ba. In babu nibo, kwalbar ruwa mai miƙaƙƙen gefe da aka cika saura kaɗan, a kwantar a kan katakon, kumfar iskar ciki za ta yi aikin. Wayoyi da yawa ma suna da manhajar auna karkata, sai dai a ɗora wayar a kan katakon, ba a kan ƙasa mai gargada ba.

3. Gyara taraktar don gangare

Faɗaɗa ƙafafun baya. Yawancin taraktoci ana iya juya kwanon wili ya fuskanci waje, ko a musanya tayar dama da ta hagu, a samu ƙarin faɗi. Lura da kibiyar da ke jikin taya, zanen ya ci gaba da fuskantar inda ya kamata. Aikin makanike ne, a fili shimfiɗaɗɗe, da jak da katakon tokari. Wannan gyara shi ya fi kowane rage kifewar gefe, kuma ba ya cin komai sai kuɗin hannu.

Zuba ruwa a tayoyin baya. A juya taya bawul ya koma sama, a cika har ruwan ya kai bakin bawul, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a bar wa iska. Kowace lita kilo guda ce, kuma nauyin yana zaune ƙasa inda ake son sa. Nan ba mu da sanyin da ke daskarar da ruwa, don haka ruwa zalla ya isa, amma taya mai tib ta fi, don kada wili ya yi tsatsa. Tayoyin biyu su sha daidai. Iska ma ta zama daidai dama da hagu bisa awon littafi. Taya mai ƙarancin iska in ta faɗo wajen ƙasa tana lotsewa ta ƙara karkata.

Nauyin gaba: injin yanka na rataye a baya yana ɗauke nauyi daga tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakwaf. Ana son aƙalla kashi 20 cikin 100 na dukan nauyin ya zauna a gaba. Gwaji mai sauƙi: a fili shimfiɗaɗɗe ɗaga injin sama, ka tashi a hankali ka juya sitiyari. In ka ji gaba na shawagi ko tana ƙin bin juyi, ƙara ƙarfe. In taraktar mai bokitin gaba ce, bokitin ya zauna ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Bokiti a sama yana ɗaga nauyin taraktar duka.

Haɗa fedojin birki biyu da sakatarsu. Birkin tarakta rabe yake, dama da hagu, kuma taka guda ɗaya a gangare yana wurga ta gefe nan take. Bayan ka haɗa, gwada a fili: in tana ja gefe ɗaya, birkin bai daidaita ba, a gyara kafin a tafi.

Cika tankin gazuwal. Tanki mai saura kaɗan in ya karkata sai injin ya zuƙi iska ya mutu, kuma da ya mutu sitiyari mai haidiro ya yi nauyi. Duba bakin mai ya kai layin sama, duba ruwan lagireto, share ragar gabansa.

4. Rataya injin yanka

A fili shimfiɗaɗɗe, inji a kashe, makulli a aljihu. Sa hannuwan ɗagawa biyu na ƙasa, sannan sandar sama, kowanne da fin ɗinsa na gaske, ba ƙusa ko waya ba. Ɗaure sarƙoƙin gefe har injin ya daina lilo, a bar masa wasa kamar yatsa biyu. In sarƙoƙin sun saki, da ka shiga karkata injin mai kilo ɗari biyu ko fiye zai zabura wajen ƙasa ya fizgi taraktar.

Tura kardan har ka ji fin ya faɗa, ka ja shi baya ka tabbata ya kama. Kusar kardan da ke bakin akwatin giyar injin yanka an yi ta da taushi da gangan, don ta karye in wuƙa ta bugi kututture. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gaji da canza ta a sa kusa mai tauri. Daga nan abin da zai karye akwatin giya ne ko PTO na taraktar. Duba man giya, sa giris a gaɓoɓin kardan, duba wuƙaƙe babu tsaga kuma kusoshinsu a ɗaure.

Daidaita tsawon yanka santimita 10 zuwa 15, gaban injin ya fi bayansa ƙasa da santimita 2 ko makamancin haka, don wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya kawai. Kada ka aske gangaren rairayi har ƙasa. Saiwa da guntun ciyawar nan su ke riƙe tudun in iskar hunturu ta taso da kuma lokacin ruwan farko, kuma yanka ƙasa-ƙasa yana sa wuƙa cin rairayi ta dakushe cikin wuni guda.

Abubuwa biyu game da tsofaffin taraktoci. Wasu na Japan suna da PTO mai gudu biyu ko uku, ka tabbata kana kan 540, don wuƙar da aka ƙera wa 540 in ta yi 1000 tana iya tsinkewa. Wasu kuma PTO ɗinsu haɗe yake da giyar tafiya: ka taka kuloci, amma nauyin wuƙaƙen da ke juyawa ya ci gaba da tura taraktar gaba wasu mitoci. A bakin kwari wannan ya isa. Maganinsa ɗan ƙarfen da ake sawa tsakanin PTO da kardan, mai juyawa gefe ɗaya ya saki ɗaya gefen. In ba ka da tabbas, gwada a fili: PTO na juyawa, kana tafiya a hankali, taka kuloci ka ga ko ta tsaya nan take.

5. Zaɓi lokaci, ka kori jama'a

Ciyawa mai raɓa santsi gare ta, jira rana ta ɗaga ta bushe. Bayan ruwan sama lakar fadama tana buƙatar kwana ɗaya ko biyu, ko da samanta ya yi kamar ya bushe. Rairayi kuwa akasin haka ne, ya fi riƙe taya in yana da ɗan danshi, in ya bushe ƙarau sai ya riƙa zubewa ƙarƙashin tayar ƙasa. Daga Oktoba zuwa gaba ciyawa ta bushe, wuƙa ta bugi dutse ta ba da tartsatsi, gobara ta tashi, kuma wuta tana hawa gangare da gudu fiye da yadda take tafiya a fili. A irin wannan lokaci kada ka yi aiki da tsakar rana ko cikin iska. Kada kuma ka yi da almuru, inuwa tana ɓoye rami.

In garmani kake yaƙa a makiyaya ko burtali, yanke shi kafin ya yi ƴaƴa. Bayan ya zuba iri injin shuka shi kawai yake yi. Yanka ɗaya ba ya kashe shi, yana sake toho, sai an maimaita ko an tumɓuke. In kuma ciyawar dabbobi kake so ka tara don rani, wannan inji ba naka ba ne, niƙe ta yake yi. Nemi injin yanka mai haƙora kamar zarto, ko a sa lauje.

Wuƙar tana jifa da dutse da guntun waya nesa. Mutum da dabba su yi nisan mita 100. Yara su ne matsala, ƙarar tarakta kiran su take yi. Sa babban mutum ɗaya ya tsaya nesa a wajen sama ko gefe, ba ƙasan gangaren ba, ya tare yara da makiyaya, shi ne kuma zai nemi taimako in wani abu ya faru. Ku yi alama tun farko: ya ɗaga hannu biyu, ka tsaya. Kujera ɗaya ce a tarakta, babu ɗaukar yaron mota a kan madigadi.

6. Shiga gangaren: hawa da sauka

Ɗaura bel. Sa kat-kat. Yawancin ƙananan taraktoci birkinsu a tayoyin baya kawai yake, kuma lokacin sauka nauyi yana komawa gaba, bayan ya yi sauƙi ya fara ja da ƙasa. Kat-kat ce ke kai riƙon birki da na inji zuwa tayoyin gaba.

Zaɓi giya tun kana ƙasa a shimfiɗe: ƙaramin zango, lamba ɗaya ko biyu, tafiyar da ba ta wuce ta mutum a ƙafa ba, kilomita 3 zuwa 4 a awa. Sa PTO lokacin da injin taraktar ke juyi ƙasa-ƙasa, sannan ka ɗaga totur na hannu har allura ta kai alamar 540. Daga nan gudu da giya ake zaɓen sa, ba da totur ba. Giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai.

Yanka yana bin gangaren sama da ƙasa a miƙe. Dokar ita ce ɓangaren da ya fi nauyi ya kasance wajen sama. Tunda injin yanka a baya yake, inda gangaren ya yi tsanani, daga santimita 18 zuwa 27, ka hau da baya ka sauko da gaba. Tarakta mai hawa da baya ba ta iya tashi ta faɗa baya, kuma ba ka buƙatar juyawa a sama ko kaɗan: ka hau, ka tsaya, ka sa birki, ka canza giya, ka sauko kana yanka, ka gusa gefe a ƙasa inda yake shimfiɗe, ka sake hawa. Yana cin lokaci, wuya ma tana gajiya da waiwaye, amma ita ce hanyar. Lokacin hawa da baya ɗaga injin kaɗan kada tayarsa ta baya ta caki ƙasa. A gangare mai sauƙi, ƙasa da santimita 18, ana hawa da gaba in nauyin gaba ya isa, a juya a kan tudu inda ya shimfiɗe.

Lokacin sauka ƙafarka ta bar kuloci gaba ɗaya. Kada ka taka shi, kada ka canza giya, kada ka sa furi don ajiye mai. Da ka raba inji da taya, nauyin taraktar da na injin yanka sun zama na birki shi kaɗai, kuma giyar tarakta ba ta shiga in taya na gudu. Bar inji ya riƙe ta, birki kuma taɓawa kaɗan-kaɗan. In mai tafiya da feda ce ba kuloci, sa ƙaramin zango, ka sassauta fedar a hankali, kada ka ɗage ƙafa farat ɗaya.

Kowane layi ya hau kan na baya da santimita 15 zuwa 20. Ciyawa mai tsawo a yi mata biyu: na farko injin a sama, a ga abin da ke ƙasa, na biyu a sauke.

7. In dole ka ratsa a kwance

Wani wuri, kamar gefen madatsa mai tsawo, ba ya ba da damar hawa da sauka. In awonsa bai wuce santimita 18 ba kuma ƙasar tana da tauri, ana ratsawa, amma da giya mafi ƙanƙanta. Fara daga ƙasa kana hawa layi-layi, don tayar ƙasa ta riƙa taka inda ka riga ka yanke kana ganinsa. Injin yanka ya zauna ƙasa, kada ka ɗaga shi a karkace. In injin mai fita gefe ne, ya kasance wajen sama. Idonka a kan tayar gaba ta wajen sama: in ta fara sauƙi, ko ka ji kana dafa madigadi don kada ka zame daga kujera, ka wuce iyaka. Juya sitiyari wajen ƙasa a hankali ka sauka. Jiki zai ce maka ka gudu sama, kuma juyawa sama shi ke ƙarasa kifewar.

Fedar da ke kulle tayoyin baya su juya tare tana taimako a hawa miƙe in taya ɗaya na zamewa, amma ka sake ta kafin kowace kwana. In tana kulle taraktar ba ta bin sitiyari.

8. In abu ya ɓaci

Gaba ta tashi kana hawa da gaba: taka kuloci nan take, wannan ne wuri ɗaya da kuloci ke ceto a gangare, sannan birki biyu a hankali. Sa giyar baya ka sauko a miƙe. Kada ka yi ƙoƙarin juyawa.

Inji ya mutu a tsakiya: birki, birkin hannu, sauke injin yanka ƙasa, cire PTO, sannan ka tayar. In ya ƙi tashi, bar ta cikin giya, tokare tayoyi ta wajen ƙasa kafin ka tafi neman makanike. Mai tafiya da feda ba ta riƙe kanta in inji ya mutu, birkin hannu da itacen tokari kawai gare ta.

Ta fara sulalewa ƙasa: miƙe sitiyari ya fuskanci ƙasa, sauke injin yanka ya ja ƙasa ya zama birki, kada ka danne birki har taya ta kulle.

Ta kafe a rairayi: fita da baya. Kada a ɗaura gungume a tayar baya a ce a tashi gaba, tayar in ta ƙi juyawa taraktar ce ke juyawa a kanta. In wata za ta ja, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, ba a sandar sama ko kan aksil ba, kowa kuma ya yi nesa da sarƙar.

Tana kifewa kuma kana da ƙarfen kariya da bel: riƙe sitiyari da hannu biyu, tokare ƙafafu, kada ka yi tsalle. Da ta tsaya kashe inji. Bayan an tashe ta kada a tayar sai makanike ya duba, don bakin mai yakan shiga saman fistin, tayarwa a haka tana lanƙwasa ƙarfen ciki. Ƙarfen kariyar da ya taɓa ɗaukar kifewa canza shi ake yi, ba a miƙe shi.

Wuƙa ta naɗe waya ko igiya: sauko fili shimfiɗaɗɗe tukuna. Cire PTO, kashe inji, zare makulli, jira har ka daina jin juyin wuƙa, don takan ci gaba da juyawa bayan an kashe. In za ka shiga ƙarƙashi, tokare injin da katako mai kauri, haidiro kaɗai ba abin dogara ba ne.

9. Abin da tarakta ta bari, da rufe aiki

Bakin kwari, kewayen itatuwa, cikin rabin-wata, da duk inda awo ya wuce santimita 27, na lauje ne da adda, ko injin yanka na rataye a kafaɗa. Mai yanka da hannu ya bi gangaren a kwance, in su biyu ne da inji su bar mita 15 tsakaninsu, kada ɗaya ya tsaya ƙasan ɗaya. In ciyawar mai ci ce, a ɗaure awaki ko tumaki a wurin kwana kaɗan, amma a ɗauke su kafin su tone rairayin. Gaɓa mai tsananin tsayi kuwa gara a bar mata gambarta, ita ke riƙe da ita.

Cikin aiki, duk bayan awa guda ka sauko fili ka kashe, ka share ragar lagireto. Ƙaiƙayin kyasuwa da ƙarangiya suna toshe ta da sauri, allurar zafi ta hau. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Cire busasshiyar ciyawar da ta taru kusa da salansa da saman injin yanka.

In an gama, ajiye a shimfiɗe, sauke injin yanka da bokiti ƙasa, ja birkin hannu, zare makulli. Share saman injin da ƙarƙashinsa tun a filin, kada ka kai irin garmani gonar gaba. Cire kat-kat kafin ka hau kwalta, fedojin birki kuma su zauna a haɗe. Sake ɗaure notocin wili bayan aikin farko in an juya tayoyi, don sukan saki. Turakun da ke kan suri, rijiya da bakin kwari a bar su a kafe, amma a yanka na gaba sai an sake bin filin da ƙafa, domin damina ɗaya tana iya matsar da gaɓar kwari ta buɗe sabuwar zaizaya inda babu ita bara.